Yakuwar Barira da Jan Cinnaka

Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa sauka Guangzhou, ya kwana biyu yana fama da farar shinkafa da taliya har cikinsa ya soma ƙorafi, da wuya a ce bai san Barira ba, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Kulolinta aka sani. Da an yi azahar za ka tarar da su jere a ofishin mijinta, Alhaji Sharfaddeen, a benen Tianxiu, inda yake aikin tura wa mutane kaya gida. Wanda ya wuni yana ciniki a kasuwar Baima har muryarsa ta dushe, nan zai zo ya zube a kujera, ya buɗe kula ya ga tuwon shinkafa yana tururi, sai ya manta da mai shagon da ya ƙi yi masa ragi.

Ita 'yar Kura ce. Mahaifinta manomin rani ne, a tsakanin kwamin albasa da tumatir ta yi wayo, kuma tun ba ta isa ɗaukar tulu ba ta san bambancin ganyen da ke jin ƙishi da wanda ruwa ya yi wa yawa. Lokacin da Sharfaddeen ya aure ta, shagon yayansa yake tsaro a Kantin Kwari. Aka fara aikensa China sayayya, kansa ya ɗauki yaren, ya zama mai yi wa mutane tafinta, daga baya ya kama ofis. Da zama ya miƙe sai ya ɗauko ta, ita da 'yarsu Saffana da ake goyo a lokacin.

Shekarar farko ba ta yi wa Barira daɗi ba. Mace ta saba da tsakar gida da kaji da maƙwabta masu leƙowa ta katanga, sai ga ta a ƙuryar bene, in ta leƙa taga ta hango motoci can ƙasa kamar kayan wasan yara. Girki ne ya cece ta. Alhaji ya zo da baƙo ya ci, baƙon ya koma masauki ya ba da labari, washegari ya dawo da abokinsa. Kafin a ankara tukunyarta ta gida ta yi kaɗan, aka sayo babba.

Kayan miya ba su cika gagararta ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa matafiya ne ke taho mata da su cikin jaka. Alayyafo da kabewa kuwa ga su nan a kasuwar unguwa, har sun fi na gida ƙiba. Abu ɗaya ne ta nema ta rasa, ɗanyar yakuwa. Ana kawo mata busasshiya, amma ita a ganinta wannan gawar yakuwa ce kawai. Duk mai kayan lambun da ta nuna wa hoton ganyen a waya sai ya ƙura ido, ya girgiza kai, ya ce "meyo", wato babu. Ta ji kalmar nan har ta soma jin haushinta.

Wata rana ta raka wata Hajiya sayen dogayen riguna a kasuwar Shisanhang. Suna fitowa, zafi ya ishe su, suka raɓa wani shagon ganyen shayi don su sha inuwa. Nan Barira ta hango wani abu ja-wur cikin kwalba. Ta matsa, ta buɗe, ta shinshina, ta ɗauki ɗaya ta tauna. Zoɓo ne, ba ko tantama.

Ba ta jira ta isa gida ba, a bakin shagon ta kira Alhaji.

"Baban Saffana, mutanen nan suna da zoɓo."

"To, ki sayo mana. Da ma zafi ake."

"Ba shi nake nufi ba. Zoɓo daga sama yake faɗowa? In akwai zoɓo ai akwai uwarsa. Suna noma yakuwa a ƙasar nan, ganyen ne ba su san darajarsa ba."

Alhaji ya yi dariya, amma da yamma ya zauna da wayarsa ya nemo mata irin. Bayan kwanaki kaɗan aka kawo wata 'yar leda cike da gurguzu. Ta shuka a bokitin fenti a baranda. Ya tsiro, ya yi tsawo siriri yana neman rana, benen da ke gabansu ya tare, ya kwanta ya mutu.

Wurin da Alhaji yake loda kwantena yana can gefen gari ne, wajen Baiyun. A bayan rumbun ajiyar akwai wani fili da gine-gine ba su kai ga cinyewa ba, tsofaffin ƙauyen sun yanka shi ƙanana-ƙanana suna shuka kayan miya, ga magudanar ruwa ta bi ta gefe. Ranar da Barira ta kai wa masu lodi abinci ta ga wurin, sai ta ajiye kula ta tafi ta tsaya a bakin kwami kamar wadda ta ga 'yan uwanta. Wata tsohuwa gajera mai faffadar malfa tana cire ciyawa. Barira ta durƙusa ta kama taya ta, ba wanda ya ce ta yi. Tsohuwar ta dubi hannunta, ta ga yadda take tuge ciyawa har saiwa ba ta taɓa shuka ba, ta gyaɗa kai.

Sunan tsohuwar Liang, amma kowa Apo yake ce mata, wato kaka. Ita ce mai faɗa a ji a filin. Alhaji ya yi musu tafinta aka daidaita, Apo ta ba Barira wani ɗan yanki kusa da nata. Daga nan maganarsu ta koma ta hannu da gira, domin Apo yaren garin take yi, wanda ko Alhaji da ƙyar yake tsintar rabinsa.

Barira ta shuka yakuwa, ta zagaye ta da kuɓewa. Ƙasar wurin baƙa ce, ruwa ba ya yankewa. Ganye ya fito kore shar da jan kara. Kowace safiya, in ta kai Saffana makaranta, sai ta hau jirgin ƙasa ta tafi lambu kafin ta dawo ta ɗora tukunya. Alhaji ya ce rabon da ya ji tana waƙa a kicin tun suna Kano.

Ana nan sai wata safiya ta ga wani tudun ƙasa mai laushi a gindin kuɓewa. Ta ɗauka Apo ce ta zubar da ƙasa, ta sa ƙafa ta baje. Kafin ta janye ƙafar, wasu jajayen ƙwari sun rufe ta har idon sawu, kuma kamar an ba su umarni suka gantsara mata cizo lokaci guda. Barira ta san cinnaka, ta san kwarkwasa, amma wannan kamar an watsa mata garwashi ne. Ta yar da silifa ta yi magudanar ruwa da gudu, Apo na biye da ita tana faɗa da yarenta. Tsohuwar ta zaro wata 'yar kwalbar koren mai daga aljihu ta shafa mata. Washegari ƙafar ta fito da ƙuraje farare masu ruwa.

Jan cinnakan bai tsaya kan ƙafarta ba. Ya hau kuɓewa yana cinye huda tun ba ta buɗe ba, ya ƙwaƙule gindin ƙananan yakuwa suna kifewa. Barira ta tuno duk dabarun kakarta. Ta tara toka ta barbaɗa, suka bi ta kai suka wuce. Ta daka barkono ta jiƙa ta zuba, ita ta yi ta atishawa. Ta tafasa ruwa a rumbun ajiya ta kwarara a tudun, ta kashe na sama tare da kuɓewa guda da ke kusa, bayan kwana kaɗan sabon tudu ya fito a ɗaya gefen. Apo ta kawo mata wani farin gari a leda, ta yi mata alamar barbaɗawa. Barira ta shinshina, warin ya tuna mata da feshin da ake yi wa tumatir a gida. Ta mayar mata da shi tare da godiya. Ganyen da za ta tsinka da safe ya shiga tukunya da hantsi, mutane su ci, ba za ta sa masa abin da ba ta san kansa ba.

Akwai wata ɗaliba 'yar Damagaram mai suna Aicha da ke zuwa gidan ran Juma'a. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana karatun digiri na uku a wata jami'ar aikin gona da ke garin. Barira ba ta taɓa tambayarta takamaiman abin da take karanta ba, ta dai san tana son ƙanzo, don haka take ajiye mata. A wannan Juma'ar Aicha ta lura da ƙafar.

"Tanti, mi ya same ki haka?"

Barira ta kwashe labari ta faɗa mata, har da barkonon. Aicha ta saurara, ta nemi a nuna mata hoton tudun, sai ta ajiye cokali tana murmushi.

"Tanti, ai aikina ke nan. Shekaru na yi ina kiwon su a labo, ɗakin bincikenmu."

"Kiwon wa?"

"Su ɗin nan. Muna da su cikin akwatuna, muna ba su abinci."

Barira ta riƙe haɓa. "Iyayenki sun sani?"

Aicha ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa. Ta bayyana mata cewa jan cinnakan ba ɗan ƙasar ba ne, baƙo ne, asalinsa daga Kudancin Amurka yake, jiragen kaya ne suka yaɗa shi a duniya. Ta ce a can inda ya fito akwai wasu danginsa da suka fi shi fitina, kuma akwai wani ɗalibi ɗan Brazil a ɗakin bincikensu da ke aiki a kansu. Ta buɗe wayarta ta nuna bidiyon da ya tura mata. Barira ta ga layin tururuwa, kowace ta ɗauko yankakken ganye a ka ya fi ta girma, suna tafe a jere kamar masu tallar da suka fito daga gida ɗaya.

"Ci suke yi?"

"A'a. Ƙarƙashin ƙasa suke kai shi, su tattauna, su shimfiɗa, wata irin fumfuna ta tsiro a kai. Fumfunar suke ci. Suna mata shara, suna cire mata ciyawa."

Barira ta sake kallon bidiyon. "Ashe manoma ne. Allah mai iko. To amma gonar wani suke yanka su yi takin tasu."

"Shi ya sa ake neman maganinsu. Suna iya tsige itaciyar lemo tas."

Maganin da su Aicha ke bincike a kai ba guba ba ce irin ta leda. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, bakteriya, waɗanda ƙwari kaɗai suke kamawa. Suna zaune ne a cikin hanjin wasu tsutsotsi na cikin ƙasa, su ma sai da madubin likita ake ganin su. Tsutsar ta shiga jikin ƙwaro, ta amayar da bakteriyar, ƙwaron ya mutu. Aicha ta ce abin da suke haɗawa a labo ba ta da ikon fita da shi, bincike bai ƙare ba. Amma tsutsotsin kansu ana sayar wa manoma, kuma za ta tambayi malaminta wane iri ya fi dacewa.

Alhaji yana gefe yana shan shayi, ya ce, "Na gane. Tsutsar ita ce kwantena, ɗayar kuma kaya."

"Haka ne, Alhaji."

"To wa ke yin kiliyarin a kwastan?"

Matan ba su kula shi ba.

Mako na zagayowa Aicha ta zo da wani ƙunshi mai sanyi. A ciki soso ne jiƙaƙƙe, ba komai a jikinsa da mutum zai gani. Ta ce a sa a firigo, kada ya daskare, har ranar da za a samu hadari. Barira ta samo roba mai murfi ta sa shi, ta tura can ƙasan firji. Da Alhaji ya dawo ya buɗe neman ruwa, ya ɗauko robar yana tambaya ko alkaki ne.

"Tsutsotsin Aicha ne. Mayar."

Ya tsaya da robar a hannu. "Barira, a firjin da nake ajiye nonona?"

"Ta ce ba sa kama mutum."

"Ta ce."

Bai sake buɗe firjin ba sai da aka fitar da su. Saffana yake aika ta ɗauko masa ruwa, ita kuwa kullum sai ta ɗaga robar a haske ko za ta ga wani abu ya motsa.

Ranar da gari ya yi lumshi, bayan la'asar, Barira da Aicha suka tafi lambu cikin takalman roba. Aicha ta ce rana tana kashe tsutsotsin, ƙasa kuma sai da danshi. Suka matse soson a bokitin ruwa, suka juya, suka kwarara a kan tudun da kewayensa. Barira ta yi bisimilla ta zuba nata. Ta tsaya tana jiran ta ga wani abu, ba ta ga komai ba. Cinnakun suka fito suka yi ta kai da kawo, suka koma.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Tanti. Sai haƙuri."

Bayan 'yan kwanaki ta tarar da wasu matattu an tara su a gefe guda, 'yan uwansu ne suka fito da su. Da ta sa sanda ta tona tudun, shiru, ba kowa. Ta ɗauki hoto ta tura wa Aicha, ta tura wa Alhaji, ta tura wa ƙanwarta a Kura. A jirgin ƙasa tana dawowa har ta ba wata mata wurin zama don murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Washegari tun daga nesa ta hango Apo tsaye a bakin lambu, hannu a ƙugu, malfar ta koma ƙeya. Tsohuwar ta kama hannunta ta ja ta zuwa nata kwamin. A tsakiyar ganyen miyarta, wanda ta fi ji da shi, ga sabon tudu ya tashi ya fi na da girma. Cinnakun ba duka suka mutu ba. Da suka ji ciwo ya shigo gida, sai suka kwashi uwarsu da ƙwayayensu suka ƙaura gidan maƙwabta.

Apo ta yi ta magana, tana nuna tudun, tana nuna Barira, tana nuna bokiti. Barira ta fito da waya ta kunna tafinta, amma wayar ba ta jin yaren Apo sosai. Abin da ta iya fitarwa shi ne, "Baƙinki suna cin gidana."

Da farko abin ya so ba Barira dariya, har ta ce a ranta, ni na haife su? Amma da ta dubi ganyen da aka ɓata sai jikinta ya yi sanyi. A Kura, in ka karkatar da ruwa ya ci gonar maƙwabci, ba ka cewa ruwa ne ya yi. Tsohuwar nan ita ta ba ta wuri lokacin da ba ta san kowa ba. Ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Apo ta juya baya ta ci gaba da aikinta, ranar ko sallama ba su yi ba.

Ta kira Aicha a hanya. Aicha ta ce, "Laifina ne, Tanti. Na san suna yin haka, a akwati dai ba su da wurin zuwa, shi ya sa ban kawo a raina ba."

"Bar zancen laifi. Yanzu me za a yi?"

"Sai dai a yi wa filin gaba ɗaya, rana ɗaya. In sun tashi daga nan su tarar can ma haka."

"To wa zai tara tsofaffin nan?"

"Wadda ta yi fushi da ke."

Da safe Barira ta soya waina, ta haɗa zoɓo da citta da kanumfari ta sa ya yi sanyi. Ta biya kasuwa ta sayi dashen irin ganyen da aka ɓata. Ta samu Apo a lambu, ta ajiye kwanon a inuwa, ta durƙusa a ɗaya gefen kwamin ta fara dashe. Cinnaka ya same ta a hannu har sau nawa, ta karkaɗe ta ci gaba. Can ta ji motsi a bayanta. Apo ce ke miƙo mata koren man nan, bakinta cike da waina. Zoɓon kuwa ta kurɓa ta ɗaga gira, domin su ba sa sa masa citta. Ta shanye ta miƙo kofi a ƙara.

Ran Asabar Apo ta tara masu lambu a ƙarƙashin bishiyar da suke hutawa. Aicha ta tsaya a gabansu da hijabinta ta yi bayani da yaren China na makaranta, wani tsohon direban bas yana juya wa waɗanda ba su ji ba. Sun yi tambayoyi da yawa. Wani ya ce in tsutsar ta gama da cinnaka ba za ta juyo kan tushen dankalinsa ba? Wata ta ce jikanta yana wasa da ƙasa. Aicha ta amsa ɗaya bayan ɗaya, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ta kuma gaya musu gaskiya cewa ba lallai a gama da su ba. Mutum ɗaya ya ce shi farin garinsa ya ishe shi, ya tashi ya tafi. Sauran suka dubi Apo, Apo ta ce a yi.

Aka sayo soso da yawa. Wannan karon a firjin Apo suka kwana, abin da ya faranta wa Alhaji rai ƙwarai. Da yammacin da aka yi yayyafi, tsofaffi suka fito da bokitai da butocin ban-ruwa, aka bi filin kwami-kwami. Barira ce ke matse soso, Aicha na auna ruwa, Apo na tsaye tana ba da umarni ko ga waɗanda suka riga suka gama. Aka sake yi bayan an kwana biyu.

Ba a wayi gari an ga cinnaka ya ƙare ba. A hankali dai tuddan suka ragu. Wasu suka mutu a inda suke, wasu suka tattara suka koma can bakin magudanar ruwa, inda ba a shuka komai, kuma a can masu kula da ƙauyen sukan sa nasu maganin. Duk damina sai wani tudun ya leƙo, a sake jiƙa soso. Barira ta koyi duba ƙasa kafin ta taka, ba ta kuma sake shiga lambu da silifa ba.

Yakuwar da ta tsira ta yi kyau har ta kai mata ƙirji. Ranar da ta fara tsinka da yawa, faten tsaki ta yi, da gyaɗa da albasa da yaji a gefe. Aka kai Tianxiu. Alhaji ya ce ofishin bai taɓa yin shiru irin na ranar ba, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Wani dattijo mai sayar da takalma a Ƙofar Wambai ya cinye nasa, ya goge ido da hannun riga, ya ce yajin ne ya yi yawa. Daga nan ya tambaya ko da saura.

Tun daga lokacin fate ya zama abincin Laraba, kuma wanda bai yi magana da wuri ba sai ya ji "meyo" daga bakin Barira da kanta. In kaka ta yi, Apo ke kwashe zoɓon, yanzu ita ma da citta take dafawa. Aicha ta roƙi gurguzun ta ce za ta yi daddawar batso irin ta gidansu. A barandar Barira aka rufe tukunyar, kuma ranar da aka buɗe maƙwabta na sama da na ƙasa suka sauko suna tambaya ko bututun bene ne ya fashe. Ba a sake gwadawa ba.

Da karatun Aicha ya zo ƙarshe, ta nemi izinin malaminta ta gayyaci Barira ta ga inda take aiki. Barira ta ci ado kamar mai zuwa suna, aka ɗora mata farar riga a kan leshinta. Ta ga akwatunan cinnaka jere a kan kanta, ta ja baya kaɗan ta tattare zaninta. Ɗan Brazil ɗin ya gaishe ta da "sannu" da aka koya masa da safe. Aka sa mata ido a madubi, ta ga tsutsotsin a karon farko, sirara farare suna ta mutsu-mutsu a ɗigon ruwa ɗaya. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Akwai sauran abu guda, Tanti," in ji Aicha.

Ta shigar da ita wani ɗan ɗaki marar taga, riƙe da faranti mai murfi. A ciki akwai wasu tsutsotsin asu manya da bakteriyar ta kashe, sun rikiɗe sun yi ja kamar bulo. Aicha ta rufe ƙofa ta kashe fitila.

"Ni ba na ganin komai."

"Ki jira idonki shi saba."

Suka tsaya a duhu, Barira na riƙe da gefen rigar Aicha. Can sai ta fara ganin wani abu a inda farantin yake, haske ne ɗan kaɗan, shuɗi-shuɗi, kowace gawa tana fitar da nata. Ta matsa kusa ta rage murya.

"Aicha, wuta kika sa musu?"

"A'a. Bakteriyar ce ke yin haka da kanta."

"Don me?"

"Har yanzu malamai na gardama a kai."

Barira ta yi tasbihi a hankali. Ta fito da waya za ta ɗauka don Saffana, Aicha ta ce wayar ba za ta kama ba, hasken ya yi mata kaɗan. Sai ta mayar da ita jaka, ta ce to a bar ta ta ƙara kallo, don in ta koma gida ta iya ba da labarin daidai.